Alkawarin da Gaju Ta Ɗauka a Bakin Tulu

Ruwan sama ne ya haɗa su, irin ruwan Kigali da yake sauka ba sallama ya kori masu babur daga titi gaba ɗaya. Kamagaju, wadda kowa ke kira Gaju, ta faɗa wani ɗan shagon gahawa a Remera, takalminta mai tsini a hannu ɗaya, jakar takardunta a ɗayan. Daga ganawar neman aiki take, kuma daga yadda matar da ta yi mata tambayoyi ta ce "za mu kira ki," ta san ba za a kira ba.

Kujera ɗaya ce ta rage, a teburin wani dogon saurayi mai rigar sanyi ruwan ƙasa. Ya tura mata kujerar. Ta zauna, ta ce a kawo mata baƙar gahawa. Da aka kawo ta kai kofin hanci, ta yatsine fuska, ta ajiye.

"Lafiya?" in ji saurayin.

"Warin ɗanyen dankali take yi. Kamar an fere dankali an wanke wuƙar a ciki."

Ya ajiye wayarsa. "Ba ni in ji."

Ya ɗiba da cokali, ya zuƙa da wata irin ƙara, fuuut, har mutanen teburin gefe suka waiwayo. Gaju ta ji kamar ta shige ƙarƙashin tebur.

"Bawan Allah, a gidanku ba a hana ka wannan ba?"

"A gida an hana. A wurin aiki kuma don shi aka ɗauke ni."

Ya ce sunansa Ndahiro, aikinsa ɗanɗana gahawa a wata ƙungiyar manoma a Nyamasheke, can bakin tafkin Kivu. Ƙwaya ɗaya da ƙwaro ya huda ta isa ta sa kofi guda warin dankali, kuma shi sai da ya daɗe yana koyo kafin hancinsa ya fara kamawa.

"Ke kuma kin kama tun ba ki kurɓa ba. Wa ya koya miki?"

"Kimiyyar abinci na karanta. Amma hancin na Mamana ne, Allah ya ji ƙanta. Tun da safe take gane madarar da ba za ta kai yamma ba."

"Ki zo wurinmu, muna ɗaukar masu koyo. Za ki fara da wanke kofuna da cokula, kina kallo, daga nan..."

Dariya ta ƙwace mata, ta farko a ranar.

"Wanke kofuna? Ni darakta zan zama."

"A ina?"

"Duk inda suka fara gane ni."

Bai yi dariya ba, kallonta kawai yake yi. Ruwa ya ɗauke, masu babur suka dawo titi, su biyun ba wanda ya tashi. Kafin su rabu ya karɓi lambarta, ya ajiye ta a wayarsa da suna Dankalina.

Maganar darakta ba fankama ba ce kawai, tana da tushe. Ranar walimar kammala karatunta a gidansu da ke Nyanza, an fito da babban tulun ubushera, abin shan gargajiya da ake yi da dawa, an zura tsinken sha. Gaju ta sha, ta miƙe a gaban dangi da maƙwabta, hular jami'a a kanta, ta ɗauki umuhigo. A wurinmu wannan ba wasa ba ne. Alkawari ne da mutum ke ɗauka a bainar jama'a, kowa ya zama shaida, kuma in bai cika ba kunyar ba tasa ce shi kaɗai ba.

Ta ce cikin shekara biyu za ta zama darakta a Kigali, da ofis da mota, kuma ba namijin da zai zo neman aurenta kafin nan.

Guɗa ta tashi. Mahaifinta, Muzehe Gakwaya, tsohon shugaban makarantar firamare wanda ya rene ta shi kaɗai, ya share hawaye da bayan hannu. Tun daga ranar mutanen unguwa suka daina kiransa Papa Gaju, suka koma Papa Darakta. Yakan ce "ku bari mana," amma in aka kira, da sauri yake waiwayowa.

Da wannan kaya a kanta ta shiga soyayya.

Ndahiro ba mai yawan magana ba ne, amma a waya bakinsa ya buɗe.

"Dankalina, yau na ɗanɗani wata gahawa daga saman tudu, lemun tsami da zuma a ciki. Na juya in ce ki shinshina, sai na tuna kina Kigali."

"Mai Fuut, ka ajiye min. Yau ma sun ce sai mai ƙwarewar shekara biyar. A cikin uwata suke so in fara aiki?"

"Wane muƙami kika nema?"

"Manaja."

"Ba su da na mataimaki?"

"Ndahiro, kada ka fara."

In ya shigo Kigali yakan zo mata da 'yan ƙullin gahawa, su zauna a barandar gidan da take haya tare da ƙawarta Liliane, ya rufe mata ido ya ce ta faɗi abin da take ji. Ba ta cika kuskure ba. Liliane, wadda suka yi sakandare ɗaya da Ndahiro, takan tsaya a bakin ƙofa tana musu dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba.

Shekara ta wuce, ta biyu ta kama hanya. Takalmin mai tsini ya sha gyara har mai gyaran ya ce ta haƙura. Duk ƙawayenta da suka karɓi ƙananan ayyuka sun fara hawa, ita tana nan tana aika takarda zuwa kujerun da masu furfura ke nema. In ta je gida Papa ba ya tambaya. Yakan ce kawai, "Sun kusa gane ki, 'yata," kuma wannan ya fi tambaya ciwo.

Ndahiro ya ga abin ba zai ƙare ba, ya tura kawunsa Nyanza don a san da shi. Muzehe Gakwaya ya karɓi baƙo hannu biyu, ya ba shi madara, ya saurare shi har ƙarshe.

"Ɗanku yaron kirki ne, na ji labarinsa," ya ce. "Amma yarinyar nan ta sha a bakin tulu a gaban gari. Ni ba zan zama wanda ya karya mata ba. Kuma ku yi haƙuri, ban kai ta jami'a don ta je tana kurɓa tana tofarwa ba."

Da labarin ya iso, Ndahiro ya hau mota ya zo Kigali. A barandar nan suka yi faɗansu na farko.

"Gaju, ni ba na ce ki rage burinki ba. Cewa na yi ki sa masa tsani. Shekara ɗaya a wurinmu, ki ci jarrabawar ɗanɗano. Bayan nan manyan kamfanoni su ne za su neme ki."

"In koma ƙauye ina wanke cokali, Papa yana tafiya coci ana kiransa Papa Darakta?"

"Yanzu ma ai ana kiransa, kuma ba ki da ko cokalin."

Yana faɗa ya san ya yi ɓaranɓarama. Ta tashi ta shige ɗaki. Ya daɗe a tsaye, ya ajiye ƙullin gahawa a kan kujerarta, ya tafi.

Suna cikin wannan 'yar tsamar sabuwar shekara ta shigo. Da safe Liliane ta zo ta zauna a bakin gadonta, fuska cike da tausayi.

"Ƙawata, ban so in nuna miki ba, amma ba zan iya kallo ana wasa da ke ba. Dubi abin da ya rubuta a zauren 'yan ajinmu."

Hoton saƙo ne, an yanke sama da ƙasa. Liliane ta karanta mata da baki, a hankali, tana jan wasalin.

"Gaju ce umuhiigo na. Kafin shekarar nan ta fita sai na kawo ta Nyamasheke."

Kalmar nan a rubuce ɗaya ce, a baki ne take rabuwa biyu. In ka gajarta ta, alkawari ce, irin na bakin tulu. In ka ja ta, naman farauta ce, dabbar da aka bi aka kayar. Gaju ta ji ta a jaye daga bakin ƙawarta, kuma da ta karɓi wayar ta duba da idonta, muryar Liliane ce ta ci gaba da karanta mata.

Nan take komai ya zauna daidai a kanta. Ashe shawarar wanke kofuna tarko ne. Ashe yana jira ne ta gaji ta faɗi, ya saɓo ta a kafaɗa ya nuna wa abokai.

Ta rubuta masa: "Na ga saƙonka. Ka nemi wata dabbar, wannan ta tsira."

Ta toshe lambarsa kafin ya amsa. Sannan ta kifa kanta a filo ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar Mama.

Bayan 'yan makonni aka gane ta, ko dai haka ta zata. Wani mai kamfanin shirya taruka, Mista Karangwa, ya dube ta daga sama har ƙasa, bai ko buɗe takardunta ba, ya ce ita yake nema. Aka buga mata kati mai ruwan zinariya: Daraktar Hulɗa da Jama'a. Ta aika wa Papa guda ɗaya. Ya sa shi a aljihun gaban rigarsa, in an taso daga coci sai ya san yadda ya yi ya ciro shi.

Kamfanin mutum huɗu ne har da direba. Ofishinta tebur ne a bakin ƙofar Karangwa. Aikinta ta yi kwalliya, ta tsaya a bakin zauren otal tana murmushi, ta riƙe masa kwat in zafi ya dame shi. "Ga daraktata," yake cewa baƙi, hannunsa na neman ƙugunta, ita kuma tana zamewa da dabara. Wata uku ba ta koyi komai ba sai yadda ake zamewa.

Ta rame. Ta daina shan gahawa gaba ɗaya, don ƙamshin yana tuna mata da Ndahiro. Sau da yawa takan buɗe wayarta ta kalli sunan da ta toshe, yatsanta a kai, sai muryar Liliane ta dawo, ta kife wayar.

Wata rana suna cin abincin rana a otal, ta tashi wanke hannu. Da ta dawo, daga bayan wata tukunyar fure ta ji Karangwa yana faɗa wa abokinsa, suna dariya:

"Yaran nan na yanzu ba sai ka wahala ba. Ka buga musu darakta a kati, su da ƙafarsu za su biyo ka. Wannan ma saura kaɗan."

Ta koma ta zauna. Sai ga ma'aikaci ya ajiye mata kofin gahawa. Ba ta yi niyya ba, hancinta ne ya riga ta. Lemun tsami da zuma, daga saman tudu. Hawaye suka zubo kafin ta iya tare su. Ta ciro katunan daga jaka, ta jera su a gefen farantin Karangwa, ta fita.

Nyanza ta nufa, amma ba ta iya shiga gidansu ba. Ta sauka a gidan ƙanwar mahaifinta, Masenge Mukandori, mace mai kaifin harshe wadda ko limamin coci yake shakka. Washegari suna tsintar wake a tsakar gida ta kwashe komai ta faɗa mata.

"Karanta min saƙon," in ji Masenge.

Gaju ta karanta, ta ja wasalin.

"Miƙo nan." Tsohuwar ta riƙe wayar nesa da fuska, ta kanne ido, ta karanta a gajarce. "Gaju ce umuhigo na."

Gaju ta ɗago.

"Yaushe ya rubuta?"

"Ranar sabuwar shekara."

"Ranar da kowane mai baki yake ɗaukar alkawarin shekara? Wa ya fara karanta miki?"

"Liliane."

"Ahaf! Ke Kamagaju, ke da kika sha ubushera a gaban gari, ke da kalmar nan ta hana ki barci shekara biyu, ke ce kika manta tana da gajeren suna? Yaro ya tsaya a gaban abokansa ya yi alkawari a kanki, kika ce masa dabba!"

Waken da ke hannun Gaju ya zube. Ta rufe baki da hannu biyu, kukan ma ya ƙi fitowa.

Masenge ta bar ta ta ɗan huce, sannan ta ci gaba, murya ƙasa ƙasa.

"Tun ranar walimar nan nake son in yi magana, guɗa ta hana. Kakanki in zai ɗauki alkawari cewa yake, zan nome wancan tudun kafin damina. Ban taɓa jin ya rantse cewa za a yi ruwa ba. Ke kuma a kan ruwan sama kika rantse. Kujerar darakta a hannun wani take, 'yata. Me yake hannunki?"

"Hancina," Gaju ta ce da ƙyar.

"To da shi za ki koma bakin tulu."

Ranar Lahadin da ta biyo ana raɗin sunan jaririn wani ɗan uwansu, dangi duk sun hallara, tulun nan yana tsakiya. Ana cikin hira Gaju ta je ta durƙusa, ta sha, ta miƙe. Wani ya ce, "Ku yi shiru, Darakta za ta yi magana!"

"Ni ba darakta ba ce," ta ce. "Katin da na aiko takarda ce kawai. Na ɗauki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba, kuma na kasa. Ku kuka shaida wancan, ku shaida wannan. Zan je Nyamasheke in koyi ɗanɗana gahawa, daga wanke kofi zan fara. Kafin baɗi war haka zan ci jarrabawar farko. Iyakar abin da na san zan iya ke nan."

Ba wanda ya yi guɗa sai Masenge, ita kaɗai, da gangan, har jariri ya farka.

Muzehe Gakwaya ya sa hannu a aljihu, ya ciro katin da gefensa ya fara lanƙwashewa saboda yawan nunawa. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ajiye shi a kan benci, ya tashi ya nufi garken shanu. Ranar tafiyarta ma a can ta same shi. Ta durƙusa a bayansa ta ce, "Papa, na tafi," ya ci gaba da shafa wuyan saniya kamar bai ji ba. Tun daga Nyanza har dajin Nyungwe kuka take yi a mota.

A Nyamasheke ma ba a shimfiɗa mata tabarma ba. Shugabar ƙungiyar ta ce gurbin mai koyo an riga an cike, sai dai teburin shanya. Gaju ta ce ta yarda. Ta ɗaura zane, ta shiga layin mata masu tsince ƙwayoyin da suka lalace da hannu, rana a ka, bayanta kamar zai tsinke. Matan suka raɗa mata 'Yar Kigali, suna tsokanar farcenta, kafin mako ya zagayo kuma suna raba mata dankalin Hausa da wake.

A nan Ndahiro ya gan ta. Ya tsaya cak, tiren kofuna a hannunsa.

"Sannu da aiki, Madam Darakta," ya ce, ya wuce.

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Matan kuma ba su ɓoye mata ba cewa wata 'yar gayu mai suna Liliane ta zo wurinsa har sau biyu da kek a kwali. Gaju ba ta tambayi abin da ya biyo baya ba, tsoron amsar take ji. Ta buɗe lambarsa, amma wayar ta yi shiru. Kullum yana wucewa ta gefen teburinta, ya gaida kowa da suna, ita ya ɗaga mata kai kawai.

Ana dab da gama kaka mai koyon da aka ɗauka ya gudu, ya ce ba zai iya wanke-wanke ba. Aka kira Gaju ɗakin ɗanɗano. Ranar farko, da kowa ya fita, ya rage daga ita sai shi, tana goge cokula.

"Ndahiro, ka faɗa min kalmar nan da bakinka."

Bai juyo ba. "Na kira layin da aka toshe ni har na daina ƙirgawa. Da kin ɗaga sau ɗaya da kin ji ta."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Liliane ta yi abinta, na kuma mayar mata da kek ɗinta. Ba ita ce ta ci min rai ba. Ke ce kika zauna da ni a baranda ido a rufe, kika yarda da duk abin da na sa miki a hanci, amma rana ɗaya aka ce miki ni mafarauci ne kika ce e."

Ta ajiye cokalin. "Na yarda ne don ya fi min sauƙi. In kai mafarauci ne, to shawararka tarko ce, ba sai na yarda gaskiya ka faɗa ba. Na zaɓi in rasa ka a kan in ce na yi kuskure. Ban zo don ka yafe min ba, aiki na zo koya. Amma ina son ka, ban daina ba ko na yini ɗaya."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Ta ƙarasa goge cokulan da hawaye, ta sake wanke waɗanda suka ɗiga a kai.

Da safe tana hanyar aiki wayarta ta yi ƙara. Saƙon murya ne, gajere ƙwarai. Ta kara a kunne. Kalma ɗaya ce, a gajarce, da muryarsa da ta dishe.

Sai rubutu ya biyo: "Dankalina, daga yau ba zan sake rubuta miki wannan kalmar ba. In kina son ji, ki zo kusa. Kuma kin bar sabulu a cokali biyu."

Ta zauna a bakin hanya, tana dariya tana kuka, har wata mai ɗauke da ayaba ta tsaya tana tambayarta ko rasuwa aka yi.

Bai sassauta mata a aiki ba, ita ma ba ta nema ba. Ta faɗi gwajin cikin gida sau ɗaya, ta sake. Kafin shekara ta zagayo ta ci jarrabawar, ta koma Nyanza da takardarta da ƙullin gahawa. A tsakanin nan Masenge ba ta bar yayanta ya huta ba. "Kai ka sha a tulun ko ita?" take ce masa. "Sunan da kake wa makoki, wa ya haifa maka shi?"

Gaju ta same shi a ƙofar gida. Ba ta nuna masa takardar ba. Ta dafa gahawa, ta durƙusa, ta miƙa masa kofi da cokali. Mutumin da duk rayuwarsa shayi yake sha ya kalli kofin, ya kalli hannunta da ya yi kanta.

"Yaya kuke yi ma?" ya ce.

Ta nuna masa. Ya ɗiba, ya zuƙa da ƙarfi, ya sarƙe, ya kama tari har hularsa ta faɗi. Tana bubbuga bayansa, sai ta ji kafaɗunsa na girgiza, ba tari ba ne kuma. Ya riƙe hannunta gam.

"Ki ce wa kawun yaron nan ya dawo," ya ce. "Madarar da ya sha rannan ba ta ƙosar da shi ba."

Ranar neman aure an kafa rumfuna biyu suna kallon juna, dattawan ɓangarorin suka shiga zolayar da aka saba. Mai magana da yawun gidan amarya, wani tsoho mai son a yi dariya, ya karɓi lasifika.

"Kun ce Kamagaju kuke nema? Ai mu a gidan nan darakta muke da ita. Sai ku je ofis ku cike takarda, in Papa Darakta ya sa hannu..."

Dariyar da aka yi ba ta da ƙarfi. A cikin ɗaki, inda aka ɓoye amarya, Gaju ta sunkuyar da kai.

Uban amarya ba ya magana a wannan wuri, kowa ya sani. Amma Muzehe Gakwaya ya miƙe, ya taka a hankali, ya karɓi lasifikar daga hannun tsohon.

"A gyara," ya ce. "Babu darakta a gidan nan. Akwai yarinyar da ta tsaya a gabanku ta ce ta kasa, abin da ni ubanta ban iya ba, sannan ta faɗi abin da za ta iya, ta kuma cika. Sunana Papa Gaju. Da shi mahaifiyarta ta kira ni har ta koma ga Allah. Don Allah ku mayar min da abina."

Wannan karon guɗar ba ta Masenge kaɗai ba ce. Ita Masenge ma ba ta samu yi ba, tana fama da amarya da ta wanke kwalliyarta tas da hawaye.

Da aka fito da ita aka damƙa hannunta a nasa, Ndahiro ya sunkuyo daidai kunnenta ya faɗi kalmar, a gajarce.

"Na ji," ta ce. "Ka cika."

Papa Gaju ya ɗora hannu a kawunansu, ya roƙa musu 'ya'ya da shanu da madarar da ba ta yankewa. Mu da muke wurin muka amsa da amin, kuma har yau muna amsawa. Allah ya bar su tare, ya sa alkawarinsu ya tsaya daidai tsawon hannunsu.